Bakhita, baiwar da ta zama Uwa

An haife ta wajen shekarar 1869 a ƙauyen Olgosa na ƙasar Darfur, cikin Sudan, ƙasar da alhazanmu na da suke ratsawa da ƙafa. Ba ta kai shekara goma ba masu farautar bayi suka sace ta. Tsananin firgita ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata, har ta mutu ba ta tuna shi ba. Waɗanda suka sace ta ne suka sa mata Bakhita, wato mai sa'a da Larabci.

An sayar da ita sau da dama tsakanin El Obeid da Hartum. A gidan wani janar Baturke aka yi mata tsage fiye da 100 a ƙirji da ciki da hannu, ana cusa gishiri a ciki don tabon ya zauna. A 1883 wani ƙaramin jakadan Italiya, Kalisto Leñani, ya saye ta, ya tafi da ita ƙasarsu a 1885, lokacin yaƙin Mahadi. Can ta zama mai renon ɗiyar gidan Mikiyeli.

A 1888 uwargijiyarta za ta yi tafiya, sai ta ajiye ta da yarinyar a Benis, gidan mata masu zuhudu na ɗarikar Kanosa, wadda Magdalena ta Kanosa ta kafa a Berona a 1808. Irin waɗannan mata ne ake ce wa maser a ƙasarmu. Da uwargijiyar ta komo za ta ɗauke ta, Bakhita ta ƙi. Wannan ne karo na farko da ta yanke wa kanta shawara, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ta tashi ƙarƙashin bulala. Magana ta kai gaban hukuma. Ranar 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, saboda haka ɗiya ce.

An yi mata baftisma ranar 9 ga Janairu 1890, ta karɓi suna Jozefin. Shiga ɗarika kuwa ba a yin sa da gaggawa. Ta fara zaman gwaji a 1893, sai ranar 8 ga Disamba 1896 ta ɗauki alkawura uku: zaman talauci, barin aure, da biyayya.

Daga 1902 ta zauna a garin Skiyo, tana dafa abinci, tana gyaran ɗakin ibada, tana tsaron ƙofa. Ba ta taɓa shugabantar kowa ba. Ƴan ɗarikarsu Uwa ake kiran su, mutanen gari suka riƙa ce mata Madre Moretta, wato baƙar Uwa. Ta rasu ranar 8 ga Fabrairu 1947.

Mutanen Madarunfa, masu kaburburan waliyyai 99 a kewayen tabki, sun san darajar waliyyi. A wajen Katolika sai an yi dogon bincike kafin Paparoma ya ba mamaci wannan laƙabi. Paparoma Yohana Bulus na Biyu ya sanya ta cikin masu albarka a 1992, ya kuma ayyana ta waliyyiya ranar 1 ga Oktoba 2000. Tun 2015 Katolika suka mai da ranar rasuwarta ranar addu'a da yaƙi da fataucin mutane.