Nana Asma'u 'yar Shehu: Uwar da ta mayar da gidan aurenta makaranta

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793, ita da tagwaininta Hassan. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, don haka sauran matan Shehu suka rene ta. A hannunsu da na 'yan'uwanta ta fara karatu, domin a gidan ba a ware mace daga neman ilimi. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai a zaure alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin duhun jahilci.

Tana da kimanin shekara 11 jama'a suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ɗanɗani wahalar yunwa da ƙaura a shekarun jihadi. Daga bisani ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. A gidansa ta haifi 'ya'yanta maza ta tarbiyyantar da su, kuma ɗaya daga cikinsu, Abdulƙadir, ya gaji mahaifinsa a wazirci. Marigayi Waziri Junaidu, masanin tarihin da ya rasu a 1997, daga zuriyarta ya fito.

Hidimar miji da 'ya'ya da baƙi ba ta raba ta da alƙalami ba. Ta ƙware a Larabci da Fillanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye. Bayan rasuwar Shehu a 1817, tana cikin waɗanda suka tattara littattafansa suka adana. Rubuce-rubucenta da suka iso gare mu sun kai kimanin sittin: akwai wa'azi, da tarihin jihadi, da marsiyyoyi, da fassarar waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, daga Fillanci zuwa Hausa.

Amma babban aikinta shi ne tsarin 'Yan Taru, wanda ta kafa wajejen shekarun 1830. Matsalar da ta hango a fili take. Matan karkara suna da yawa, wasunsu sababbin shiga Musulunci ne, bori kuma yana da ƙarfi a tsakaninsu. Mace mai goyo, mai daka da girki da kula da dabbobi, ba za ta iya barin gida ta yi tafiyar kwanaki zuwa Sakkwato ba. Maimakon ta kira uwa zuwa makaranta, sai Asma'u ta aika makaranta wurin uwa.

Ta zaɓi dattijai mata masu hankali da amana, ta ba kowacce muƙamin jaji, tare da malfa da jan ƙyalle a matsayin alamar izini. Wannan ado dā an san shi da Innar Gobir, shugabar 'yan bori. Asma'u ta ɗauko shi ta ba shi sabuwar ma'ana. Jaji kan jagoranci tsofaffi da ƙananan 'yanmata, waɗanda nauyin gida bai ɗaure su ba, su zo wurinta su haddace darussa cikin waƙa, sannan su koma ƙauyukansu su bi gida-gida suna koyar da matan aure. Waƙa ta dace da aikin, domin mai sussuka ko kaɗi tana iya rera ta hannunta bai tsaya ba, yaran da ke kusa da ita kuma suna ɗauka.

Darussan sun ƙunshi tauhidi da tsarki da salla, da kuma zaman tare: jinyar maras lafiya, wankan gawa, da sasanta masu saɓani. Kyaututtukan da matan kan kawo mata, kamar hatsi da zuma da man shanu, takan rarraba wa mabuƙata.

Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru, aikin kuma ya wanzu har bayan zuwan Turawa a 1903. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka wallafa tarin ayyukanta da fassarar Ingilishi, abin da ya ƙara sanar da ita a jami'o'in duniya.

Tambayar da Asma'u ta amsa tana nan har yau, a Sakkwato ko a ƙauyukan kudancin Jigawa irin su Yalwan Damai: wa zai ilimantar da matar da yara ke wuni a gabanta? Ɗan kasuwa da ma'aikaci sukan biya kuɗin makarantar 'ya'ya su manta da karatun uwarsu. Asma'u kuwa da uwar ta fara, don ta san abin da aka zuba mata, shi take shayar da gida duka. Allah Ya jiƙanta da rahama.