Edsger Dijkstra

Edsger Wybe Dijkstra (11 ga Mayu 1930 – 6 ga Agusta 2002) masanin kimiyyar kwamfuta ne ɗan ƙasar Holan. An haife shi a Rotterdam, ya yi karatu a Jami'ar Leiden.

A zamaninsa, idan ayyuka biyu suka nemi taɓa bayanai ɗaya a lokaci guda cikin kwamfuta, bayanan kan lalace. Dijkstra ya ƙirƙiro semafo, alamar da ke dakatar da aiki har hanya ta buɗe masa, sauran ayyuka kuwa su ci gaba. Da ita ya gina babbar manhajar THE a Eindhoven, wadda ya bayyana tsarinta a 1968.

Ya samu lambar yabo ta Turing a 1972. Ya rasu a Nuenen.