Fada Pedro Arrupe: ɗalibin likitancin da ya ga Hiroshima, ya kafa ƙungiyar hidima ga 'yan gudun hijira

A watan Disamban 2021, rikici kan ruwa tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta da manoma 'yan ƙabilar Musgum ya kai garin Kousseri na Kamaru. Dubun-dubatar mutane suka tsallako kogi zuwa Chadi, mafi yawansu mata da yara. Wasu sun yada zango a ƙarƙashin itatuwa a gefen Farcha da Milezi, a yammacin N'Djamena, kafin a buɗe sansanonin Guilmey da Kalambari. Dattawan birnin ba su manta ba cewa a 1980 su ne suka tsallaka zuwa Kousseri, lokacin da dakarun Goukouni Weddeye da na Hissène Habré suka shafe kusan wata tara suna gwabza faɗa a cikin N'Djamena.

A wannan shekara ta 1980 ce aka kafa ƙungiyar JRS a birnin Roma, wato hidimar 'yan Jesuit ga 'yan gudun hijira, wadda a yau sunanta ke jikin makarantu da dama a sansanonin Chadi. Ƙungiyar Kirista ce ta ɗarikar Katolika, alhali yawancin yaran da take koyarwa a ƙasar Musulmi ne. Don haka iyaye kan tambaya: ta wace ce, me take nema, kuma wa take yi wa biyayya? Rayuwar mutumin da ya kafa ta, Fada Pedro Arrupe, tana bayyana amsoshin.

Daga makarantar likita zuwa gudun hijira

An haifi Pedro Arrupe ranar 14 ga Nuwamban 1907 a birnin Bilbao, a yankin Basque na arewacin Sifaniya. Shi ne auta kuma namiji tilo a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifiyarsa ta rasu yana yaro, mahaifinsa, mai zanen gine-gine, ya rasu a 1926.

A 1923 ya tafi Madrid karatun likita, kuma ya yi fice. Cikin abokan karatunsa akwai Severo Ochoa, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1959. A waɗannan shekarun ne Arrupe ya riƙa ziyartar unguwannin talakawa na bayan gari tare da wata ƙungiyar agaji ta coci, inda ya fara ganin yunwa da idonsa. A watan Janairun 1927 ya ajiye karatun bai kammala ba, ya shiga ƙungiyar Jesuit a Loyola. Ƙungiya ce ta limaman Katolika da Ignatius na Loyola ya kafa a 1540, wadda mambobinta ba sa aure, ba sa mallakar dukiya, kuma suna ɗaukar alkawarin zuwa duk inda aka aike su.

Shekara biyar bayan shigarsa, a 1932, gwamnatin jamhuriyar Sifaniya ta rushe ƙungiyar a ƙasar, ta ƙwace kadarorinta. Arrupe da sauran ɗalibai suka bar gida, ya ci gaba da karatu a Beljiyam da Holan. A Beljiyam aka naɗa shi fada ranar 30 ga Yulin 1936, kwanaki kaɗan bayan ɓarkewar yaƙin basasa a ƙasarsa. Ya ƙarasa horo a Amurka, sannan a 1938 aka tura shi Japan, inda ya daɗe yana roƙon a aike shi.

Kurkuku da bam

A Japan ya koyi harshe da al'adun mutane, aka ba shi coci a garin Yamaguchi. A watan Disamban 1941, da Japan ta shiga yaƙi da Amurka, jami'an tsaro suka kama shi bisa zargin leƙen asiri. Ya yi kwana 33 a tsare shi kaɗai a tsakiyar hunturu kafin a sake shi. A 1942 aka mai da shi mai horar da sabbin shiga a gidan 'yan Jesuit na Nagatsuka, a bayan birnin Hiroshima.

Yana can ranar 6 ga Agustan 1945, da ƙarfe 8:15 na safe, jirgin Amurka ya jefa makamin ƙare-dangi a birnin. Wani tudu ya kare gidan daga wuta, ko da yake ƙofofi da tagogi sun tarwatse. Ba a jima ba mutanen da suka ƙone suka fara isowa da ƙafa. Arrupe ya mai da gidan da ɗakin ibada asibiti, shi da ɗalibansa suka riƙa shiga birnin suna ɗauko masu rai. Sun kula da mutum kusan 150, da ilimin likitancin da ya baro kusan shekara ashirin da suka wuce, ba isasshen magani, ba kuma wanda ya san irin cutar da turirin bam ɗin ke haifarwa. Aikin ya tsaya ne kan wanke raunuka, ciyar da majinyata da kwana kusa da su.

Ya yi shekara 27 a Japan. A 1958 ya zama shugaban lardin 'yan Jesuit na ƙasar na farko.

Shugabancin da ya jawo gardama

Ranar 22 ga Mayun 1965 babban taron ƙungiyar ya zaɓe shi shugaba na 28, a lokacin da mambobinta suka kai kusan 36,000 a duniya. A al'adar ƙungiyar, wannan kujera ta tsawon rai ce. Babban taron ne ke zaɓen shugaba, shi kuma ya naɗa shugabannin larduna, kuma duka suna ƙarƙashin Fafaroma.

A taro na 32, wanda aka yi daga Disamban 1974 zuwa Maris 1975, ƙungiyar ta yanke cewa hidimar addini ba ta cika sai an haɗa ta da tsayawa kan adalci. Arrupe ya gargaɗi wakilai cewa wannan mataki zai jawo asarar abokai har da rayuka. Haka kuwa aka yi: a Maris 1977 aka harbe Fada Rutilio Grande a El Salvador saboda aikinsa tare da manoma marasa gona, kuma wasu sun biyo bayansa.

Ba kowa ne ya yarda da Arrupe ba. Wasu a fadar Batikan da ma cikin ƙungiyar sun zarge shi da sassauci, da barin limamai suna kutsawa cikin siyasa, musamman a Latin Amurka. Yawan mambobi ma ya ragu zuwa kusan 26,000 a ƙarshen mulkinsa. Magoya bayansa sun ce raguwar ta shafi kusan dukan ƙungiyoyin cocin a wancan zamani.

Yadda aka haifi JRS

A ƙarshen shekarun 1970, dubban ɗaruruwan mutane suka riƙa tserewa daga Biyetnam a ƙananan jiragen ruwa. Da yawa sun nutse, wasu 'yan fashin teku sun far musu, wasu ƙasashen maƙwabta sun kore su daga gaɓa. A ƙarshen 1979 Arrupe ya aika wa shugabannin larduna saƙon gaggawa yana tambayar abin da kowa zai iya yi. Amsoshi suka zo da tayin ma'aikata, kuɗi, magunguna da masauki.

Ranar 14 ga Nuwamban 1980, ranar da ya cika shekara 73, ya rubuta wa dukan ƙungiyar wasiƙar kafa JRS. A cikinta ya ambaci 'yan gudun hijira kusan miliyan 16 a duniya, ya kuma tsara abin da ake buƙata. Bai so a gina wata katafariyar ma'aikata ba. Ya nemi ƙaramin ofishi a hedikwatar Roma wanda zai tattara bayanai, ya haɗa masu tayin taimako da wuraren da ake buƙatarsa, ya kuma yi aiki tare da hukumomin da suka riga su a fagen. Ya bayyana cewa buƙatar ɗan gudun hijira ta wuce abinci da bargo, ta haɗa da ilimi da kwanciyar zuciya, kuma ya buɗe ƙofa ga waɗanda ba limamai ba su shigo aikin. A Roma kanta, cibiyar Astalli da aka buɗe a 1981 ta fara ne da ciyar da 'yan gudun hijirar Habasha.

Daga wannan tushe ne manufar ƙungiyar ta fito a kalmomi uku: rakiya, hidima da kare haƙƙi. Rakiya ce a gaba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo: ana so ma'aikaci ya zauna da mutane, ya saurare su, kafin ya yanke abin da zai yi musu.

Ciwo da biyayya

A 1980 Arrupe ya nemi yin murabus saboda shekaru, amma Fafaroma John Paul na biyu ya ce ya dakata. Ranar 6 ga Agustan 1981 ya gana da 'yan Jesuit masu aiki a sansanonin Tailan, a birnin Bangkok. Ya ƙarfafa su kan addu'a, da haɗa kai da wasu, da kada tsoron kuskure ya hana su aiki. Washegari, da saukarsa a filin jirgin Roma, ya sami bugun jini a ƙwaƙwalwa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta yi masa wuya.

An ɗora wa mataimakinsa, Fada Vincent O'Keefe, riƙon ƙwarya bisa tsarin ƙungiyar. Amma a watan Oktoba Fafaroma ya tsallake wannan tsari, ya naɗa nasa wakilin, Fada Paolo Dezza, mai shekara kusan 80. Mutane da yawa sun ɗauki matakin a matsayin rashin amincewa da Arrupe, wasu ma sun yi tsammanin za a yi bore. Arrupe ya karɓi hukuncin, ƙungiyar ta bi sahunsa. A watan Satumban 1983 babban taro ya amince da murabus ɗinsa, ya zama shugaba na farko a tarihin ƙungiyar da ya sauka da ransa, aka zaɓi Fada Peter-Hans Kolvenbach. Ya yi kusan shekara goma yana jinya a hedikwatar, ya rasu ranar 5 ga Fabrairun 1991.

Wa ke jan ragama a yau

Abin da ya fara a matsayin ƙaramin ofishi yanzu yana aiki a ƙasashe sama da 50. A watan Maris na 2000 Kolvenbach ya fitar da kundin ƙa'idojin JRS, aka kuma yi mata rajista a matsayin gidauniya a Batikan. Babban shugaban 'yan Jesuit ne ke naɗa daraktan ƙungiyar na duniya, wanda ke zaune a Roma tare da majalisar da ke duba gudanarwa. A ƙarƙashinsa akwai daraktocin shiyya, sannan daraktan kowace ƙasa. Kuɗi na zuwa daga gudunmawar jama'a, ƙungiyoyin coci, gwamnatoci da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, HCR, kuma masu ba da kuɗin na neman bayanin yadda aka kashe. Ƙa'idar ƙungiyar ita ce a yi wa mutum hidima ba tare da duba addininsa ko ƙabilarsa ba. Limamai kaɗan ne a cikin ma'aikatanta, da yawa ma 'yan gudun hijirar ne da kansu.

A Chadi, inda 'yan Jesuit ke aiki tun zamanin da ake kiran N'Djamena da Fort-Lamy, JRS ta shigo a 2006 saboda mutanen da suka tsero daga Darfur. Ba ita ke mulkin sansanoni ba. Wannan aikin hukumar gwamnati ne, CNARR, tare da HCR. Ita ta fi ƙarfi a makarantu da horar da malamai. Tun 2014 makarantun sansanonin gabas suka bar manhajar Sudan suka koma ta Chadi, don haka ma'aikatar ilimi ce ke yanke abin da za a koyar, kuma yara na zana jarrabawar ƙasa. Mafi yawan malaman Musulmi ne daga cikin al'ummar sansanin. Sabon yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara ɗaruruwan dubban mutane a gabashin ƙasar, yayin da kuɗin agaji ke raguwa, ajujuwa kuma na cika fiye da kima. Ƙungiyar tana aiki a Kamaru da arewa maso gabashin Najeriya ma.

Ga iyalan da suka tsallake iyaka, ko daga Baga zuwa sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola, ko daga Kousseri zuwa N'Djamena, sanin wannan tsari yana da amfani. Mai koke kan makaranta yana iya kai shi ga ƙungiyar iyayen yara, ko ofishin ƙungiyar agajin, ko jami'an CNARR da HCR, domin kowace ƙungiya da ke aiki a sansani tana da na gaba da ita.

A 1997 aka mayar da gawar Arrupe cocin Gesù da ke tsakiyar Roma, kusa da cibiyar Astalli, inda har yau 'yan gudun hijira ke layin abinci. Cocin Katolika ya buɗe binciken rayuwarsa ranar 5 ga Fabrairun 2019 don duba ko za a sa shi cikin waliyyai, aka kammala matakin farko ranar 14 ga Nuwamban 2024, aka miƙa takardun ga fadar Batikan.