IRASMUS, MAI TARA KARIN MAGANA

A da, in kakata ta jefo mini karin magana, nakan ɗauka zancen tsofaffi ne kawai. Ranar da malaminmu na tarihi ya ba mu labarin Irasmus, mutumin Rotadam ta ƙasar Holan, na ji kunya ta kama ni, shi ya sa na ga ya kamata in ɗan gutsura wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

An haife shi wajen 1466. Bai gama ƙuruciya ba annoba ta ɗauke mahaifansa, waɗanda aka bar wa riƙonsa kuwa suka matsa masa ya shiga gidan masu zuhudu na Kirista, ba da son ransa ba. A 1492 ya zama limamin coci, amma hankalinsa na kan littattafai. A zamanin nan Latin shi ne harshen ilmi a Turai, wanda bai iya shi ba ko kusa da malamai ba ya zama.

Ya tafi Faris karatu cikin talauci, yana koyar da 'ya'yan masu hali don ya sami abin sa wa a baka. Wani almajirinsa, Maunjoi, ya gayyace shi Ingila a 1499. To, ga inda labarin ya fi taɓa ni. Da zai komo a farkon 1500, sai 'yan kwastan na Doba suka ƙwace kusan duk kuɗinsa, don akwai dokar hana fita da zinariya da azurfa daga ƙasar. Alhali abokansa sun tabbatar masa ba kome, tun da kuɗin ba na Ingila ba ne. Haka ya isa Faris hannu rabbana. Ni da ni ne, da na zauna zagin Ingila har shekara ta zagayo. Shi kuwa sai ya duƙufa kan littattafan mutanen da, ya tsinto karin magana 818, ya buga a wannan shekarar, ya kuma sadaukar da littafin ga Maunjoi ɗin. Sunan littafin Adagia.

Dabararsa ita ce, ya kawo karin magana, ya faɗi wanda ya fara amfani da ita, sa'an nan ya warware ma'anarta da lokacin da ya dace a faɗe ta. Watau ɗalibi ya haddace 'yar jimla guda, ya tashi da nahawu da tarihi gaba ɗaya. Wani lokaci asalin maganar tatsuniya ce irin ta Isof, kamar yadda namu ke komawa ga Gizo da kura.

A 1508 ya je Benis wurin Aldus, mashahurin mai ɗab'i, inda karin maganar suka haura 3,000. Tambarin Aldus dabbar tekun nan ce mai sauri, dolfin, ta naɗe ƙarfen da ke tsayar da jirgin ruwa, yana nuni da wata karin magana mai kalma biyu da Sarki Agustus yake so, kusan daidai da tamu ta sannu ba ta hana zuwa. Irasmus ya rubuta dogon sharhi a kanta.

Bai daina ƙari ba har ya rasu a Bazel a 1536, lokacin sun kai 4,151. Ni dai na sayi littafin rubutu a hutun da ya wuce, na zauna gaban kakata. Ta yi mini dariya tukuna, kana ta fara, mun kai 63.