Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa: Firayim Ministan Nijeriya Na Farko Kuma Na Ƙarshe

Tun daga shekarar 1914 da aka haɗa Kudu da Arewa har zuwa yau, mutum ɗaya tak ya taɓa riƙe muƙamin Firayim Ministan Nijeriya, shi ne Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya hau kujerar ta hanyar shawara da sulhu tsakanin jam'iyyu, aka kuma raba shi da ita da bakin bindiga. Saboda haka tarihinsa shi ne tarihin yadda mulki ya fita daga hannun Turawa ya zo hannun 'yan siyasa, daga nan ya faɗa hannun soja.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Abubakar a garin Tafawa Ɓalewa ta ƙasar Bauci a cikin shekarar 1912. Ba ɗan gidan sarauta ba ne. Ya yi karatu a garinsu da kuma Bauci, sa'an nan ya shiga Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933. Da ya gama ya koma Midil ta Bauci yana koyarwa, har ya zama shugaban makarantar. A wannan zamani ne ya rubuta Shaihu Umar, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. A 1945 aka tura shi Landan ya yi shekara guda yana ƙaro ilmin koyarwa.

Shigarsa Siyasa

Bayan dawowarsa ya shiga Majalisar Jihar Arewa, a 1947 kuma ya zama ɗaya daga cikin wakilan Arewa a Majalisar Dokoki ta Ikko. Abin da ya fara fito da sunansa shi ne shawarar da ya kawo gaban Majalisar Arewa a watan Agusta na 1950, inda ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e don talakawa su sami bakin magana. A wancan lokaci wannan ba ƙaramar jarunta ba ce ga malamin makaranta. Da aka mai da Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, yana cikin manyanta. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya Ministan Sufuri.

Da fari yana shakkar ɗorewar Nijeriya a matsayin ƙasa ɗaya, domin yana tsoron Kudu, wadda ta riga Arewa nisa a ilmin boko, za ta danne ta. Amma zaman Ikko da tafiyar da ya yi Amurka a 1955 sun sauya masa ra'ayi, ya koma yana ganin al'ummu dabam-dabam na iya zama ƙarƙashin tuta ɗaya.

Gwamnatocin da Ya Shugabanta

A ƙarshen watan Agusta na 1957 aka naɗa shi Firayim Minista, ya kafa gwamnatin da ta haɗa NPC da NCNC ta Dokta Azikiwe da AG ta Cif Awolowo. A zaɓen Disamba na 1959 babu jam'iyyar da ta sami rinjaye ita kaɗai a cikin kujeru 312, sai NPC da NCNC suka yi ƙawance, AG ta zama 'yar hamayya. Wannan gwamnati ce ta karɓi mulkin kai ran 1 ga Oktoba, 1960. A 1963 ƙasar ta zama jamhuriya, Azikiwe ya zama Shugaban Ƙasa, amma ragamar gwamnati ta ci gaba da zama a hannun Firayim Minista.

A nan ne wuyar aikinsa take. Shi ne shugaban gwamnatin tarayya, amma a jam'iyya mataimaki ne. Shugaba shi ne Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, wanda ya zaɓi zama a Kaduna. Haka kuma tun daga tsarin mulkin 1954 ƙarfi ya koma jihohi. Manomin auduga na Funtua ko Malumfashi, idan aka ce masa gwamnati, abin da ya sani shi ne hakiminsa da En'en Katsina da Kaduna, domin hukumar cinikin amfanin gona ta Jihar Arewa ce ke yanka wa audugarsa farashi. Ikon Ikko bai cika ganinsa ba sai a jirgin ƙasan da ke bi ta Funtua zuwa Ƙauran Namoda. Mai riƙe da irin wannan kujera ba ya mulki da umarni, sai da lallashi da haƙuri, kuma waɗannan su ne halayen da aka san Abubakar da su.

A waje ya ɗaga sunan ƙasar. Ya aika da soja Kwango a 1960, ya yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin bam da take yi a Sahara, ya kuma kasance cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963.

Rikice-rikice da Rasuwarsa

A gida kuwa ruwa bai kwanta ba. A 1962 AG ta rabu biyu tsakanin Awolowo da Akintola, aka kafa dokar-ta-ɓaci a Jihar Yamma, a 1963 aka yanke wa Awolowo ɗaurin shekara goma. Ƙidayar 1962 an soke ta, ta 1963 kuma ta jawo gardama, tun da yawan jama'a shi ke raba kujeru. Zaɓen 30 ga Disamba, 1964, 'yan hamayya sun ƙaurace masa a wurare da dama, har Azikiwe ya yi kwanaki bai kira Abubakar ya kafa gwamnati ba, sai ran 4 ga Janairu, 1965, bayan an yi sulhu. Zaɓen Jihar Yamma na Oktoban 1965 ya haifar da ƙone-ƙone da kashe-kashe. Masu sukarsa sun ce a nan haƙurinsa ya zama sakaci, domin bai kafa dokar-ta-ɓaci ba kamar yadda ya yi a 1962, alhali Akintola abokin ƙawancen NPC ne.

Ran 15 ga Janairu, 1966, cikin watan azumi, kwanaki kaɗan bayan ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashen renon Ingila a Ikko, wasu ƙananan hafsoshin soja suka ɗauke shi daga gidansa. A daren aka kashe Sardauna a Kaduna da Akintola a Badun. Washegari ragowar ministoci suka miƙa mulki ga Janar Aguiyi-Ironsi. Bayan kwana shida aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Ikko zuwa Abeokuta, aka kai ta Bauci aka binne. Yana da shekara 53.

Kammalawa

Soja sun riƙe ƙasar shekara 13. Da za su sauka a 1979 sai aka ɗauko tsari irin na Amurka, inda shugaban ƙasa ke riƙe da gwamnati, aka soke kujerar Firayim Minista. Abubakar bai bar dukiya ba; ya bar littafi, da sunan mai gaskiya wanda har abokan hamayyarsa ba su musa ba. Rayuwarsa ta nuna cewa kyawun halin shugaba bai isa ya riƙe ƙasa ba, muddin jama'a sun daina yarda cewa ƙuri'a na iya sauya gwamnati. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.