William Macewen, likitan da ya bi mugunyar kunne har cikin ƙoƙon kai

An haifi William Macewen a tsibirin Bute na ƙasar Sikotland a 1848. Ya karanci likitanci a Jami'ar Glasgow, ya kammala a 1869, a daidai lokacin da malaminsa Joseph Lister ke koyar da tsabtace rauni da sinadarin kabolik. Ɗalibin ya riƙe darasin da hannu biyu.

A zamaninsa ba a ɗauki kunne mai zubar da mugunya da muhimmanci ba, alhali ƙashin da ya raba tsakiyar kunne da ƙwaƙwalwa siriri ne ƙwarai. Idan ciwon ya daɗe, sai ya cinye ƙashin bayan kunne, ya tsallaka zuwa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ya haifar da sanƙarau, ko ya tara mugunya a cikinta. Wannan sanƙarau ba irin na annoba ba ne da aka sani a Arewa lokacin zafi. Daga kunnen mutum guda yake tasowa. Babu allurar fenisilin a lokacin, saboda haka galibi mutuwa ce ke biyo baya.

Macewen ya ga cewa tun da hanya ɗaya cutar ke bi, ana iya tare ta. Yakan huda ƙashin bayan kunne, ya kwashe ruɓaɓɓen nama, ya bi sawun mugunyar har inda ta kwanta, ya buɗe mata mafita. Ɗan gurbin da yake auna wurin hudawa da shi, har yau da sunansa likitoci ke kiransa. Ba shi da na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Alamomin jikin majiyyaci kaɗai yake karantawa. A 1876 ya gano inda mugunya ta taru a kan wani yaro, iyalinsa suka hana aiki, yaron ya rasu, binciken gawa kuma ya gaskata shi.

A littafinsa na 1893 ya ba da rahoton mutum 19 da ya yi wa tiyatar tarin mugunya a ƙwaƙwalwa, 18 suka warke. Sanƙarau da ya riga ya game tantanin kuwa, sau da yawa yakan fi ƙarfin wuƙarsa. Shi ya sa ya nace a kan yin aikin kunne da wuri.

Ya zama farfesan tiyata a Glasgow a 1892, Masarautar Birtaniya ta ba shi lambar girma a 1902. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya taimaka wajen kafa asibitin Erskine domin sojojin da suka rasa gaɓoɓi. Ya rasu a 1924.