Ladi Kwali: Maginiyar da ke Bayan Naira Ashirin

A hutun da ya wuce na sauka a tashar Kankiya, na hau mota zuwa Kusada don in gaida kakata. Ina shiga ɗakinta na ga wurin da take jera tasoshi da akusa ya zama wayam. Ashe wani mai sayen tsofaffin kaya ne ya zagayo unguwar, ya kwashe akushi biyu da tasa uku da wani tulu mai zane, ya ba ta naira dubu huɗu. Ita kam murna take, wai ta rabu da tarkace. Ni kuwa na kasa cewa komai, domin a makon nan ne na gama karanta tarihin wata maginiyar tukwane da kusan kowannenmu ya taɓa sa hotonta a aljihu.

Ku ɗauko naira ashirin, in har kuna da ita, tunda yanzu ko ruwan leda ba ta saye. Gabanta Janar Murtala Muhammed ne. Ku juya bayanta, za ku ga mace ta duƙufa kan tukunya. Ita ce Ladi Kwali, kuma ita kaɗai ce macen da aka buga da sunanta a takardar kuɗin Najeriya.

An haife ta wajajen 1925 a ƙauyen Kwali, ƙasar Gbagyi, wanda yanzu yake cikin Babban Birnin Tarayya. A can ginin tukwane sana'ar mata ce, ita ma wurin 'yar'uwar iyayenta ta koya tun tana ƙarama. Ba ta yi boko ba. Yumɓu take murzawa kamar igiya, ta riƙa ɗorawa tana zagaya tukunyar da ƙafarta har ta tashi, sannan ta zana mata kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi. Tun ba ta kai ko'ina ba aikinta ya fita daban, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa tara tukwanenta a fada. Abujar da ake nufi a nan ita ce Suleja ta yau.

A fadar ne wani Bature magini, Michael Cardew, ya ga aikin hannunta. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauko shi a 1950, ya kafa cibiyar koyar da ginin tangaran a Abuja. A 1954 Ladi ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, da shafa ƙyalli, da gashi a tanderu mai tsananin zafi. Amma manyan randunanta da hannu ta ci gaba da gina su kamar yadda ta gada.

A nan akwai abin lura. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsattsafowa ta jikinta, iska ta buga, ruwan ciki ya yi sanyi. Da aka shafa wa randunan Ladi ƙyalli aka gasa su da wuta mai ƙarfi, sai suka daina tsattsafo, suka kuma yi nauyin da mace ba za ta ɗauka zuwa rafi ba. Wato sun bar aikin randa, sun koma kayan kallo. Daga nan kasuwarsu ta bar ƙauye ta koma Turai.

An baje kolin aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ta zagaya Ingila da wasu ƙasashen Turai tana gina tukunya a gaban jama'a, a 1972 kuma ta je Amurka tare da Cardew. Ingila ta ba ta lambar MBE a 1963. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, matar da ba ta taɓa zama a aji ba. A 1980 ta samu lambar yabo ta ƙasa da ake ba masana, a 1981 aka ƙara mata OON. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. An sa wa cibiyar Suleja sunanta, a 2007 kuma hotonta ya hau sabuwar naira ashirin.

To ga abin da ya tsaya mini a rai. A 2021, a wani gwanjo da aka yi a Landan, an sayi randarta guda ɗaya a kan fam sama da 100,000. Randa fa! Me ya sa? Na farko, kaɗan ne suka rage, kuma mai yin su ba za ta ƙara ba. Na biyu, akwai shaida: kayan cibiyar suna ɗauke da hatimin Abuja da harufan Larabci, nata kuma da haruffan LK. Na uku, ana sanin hannun da kaya ya bi kafin ya iso gwanjo.

Haka abin yake ko'ina. A Amurka akwai ɗan wasan besbol Honus Wagner, wanda ya mutu a 1955. A 1909 wani kamfanin taba ya sa katin hotonsa cikin kwalin sigari, aka dakatar da bugawa da wuri, yau 'yan gommai ne kawai aka sani. A 2022 an sayar da guda a kan dala miliyan 7.25. Can suna da kamfanonin da ke duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10. Katin da ba a tantance ba yakan faɗi a farashi, domin mai saye yana tsoron jabu. Riba tana wurin wanda ya gane kaya tun bai samu takarda ba.

Kayan gidajenmu kuwa duk marasa takarda ne. Ba na cewa tulun kakata aikin Ladi ne, wataƙila ma bai fi abin da aka ba ta ba. Abin da ya dame ni shi ne mai sayen ya san abin da yake nema, ita ba ta san abin da take sayarwa ba, ni da nake shirin karɓar difloma ban taɓa tambayarta waye ya gina shi ba, ko daga wane gari ya zo. Da na tambaya daga baya, sai ta ce cikin kayan ɗakin mahaifiyarta ta gaje shi. Iyakar abin da ya rage mana ke nan.

'Yan'uwa ɗalibai, dukkanmu muna da waya mai kyamara. In kun koma gida, ku ɗauki hoton tsofaffin tasoshi da akusa da randuna da littattafan da aka rubuta da hannu, ku kifa tukunya ku duba gindinta ko akwai hatimi, ku rubuta abin da tsofaffi suka faɗa game da kowanne tun suna raye. In za a sayar, a fara nuna wa ma'aikatan gidan tarihi na Katsina ko wani masani. Ni dai na fara da faranti biyu na tangaran da suka rage a ƙarƙashin gadon kakata, na kuma roƙe ta kada ta sake buɗe wa mai sayen tarkace ƙofa sai ta kira ni.